Kafin a tare mana hanya don tseren keke

Ranar Lahadi 28 ga Satumban 2025 ban yi aikin kirki ba. Tun hantsi na jingina waya da akwatin kayan aiki a ƙarƙashin bedin da nake gyaran keke, ni da yaron shagona muna kallon tseren duniya da ake yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko da aka kawo shi Afirka. Kilomita 267 da rabi, Tadej Pogacar ɗan ƙasar Silobeniya ya cinye su cikin awa 6 da 'yan mintuna, fiye da kilomita 60 na ƙarshe shi kaɗai yake tafe ba kowa a bayansa. Amma ba shi ya tsaya mini a rai ba. Jama'ar da ta cika gefen hanya dama da hagu, tun daga gindin tudu har ƙolinsa, ita na yi ta kallo.

Yaron nan ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ɗago ya ce, "Baba, mi ya hana a yi wanga a Maraɗi?"

Da dare na kai maganar fada, aka hau ta da musu har shayi na uku ya huce. Wasu na cewa gari irin namu, cibiyar kasuwancin ƙasa, ya isa ya karɓi baƙi 'yan tsere daga ko'ina. Wasu na cewa wa zai yarda a rufe masa hanya saboda masu gajeren wando. Tun daga daren nake juya abin, kuma ina so in faɗi nawa tun kafin takarda ta hau teburin hukumar birni, don in ta riga ta hau, irinmu ba a cika tambayarmu ba.

Ni ina so a yi. Shekara 23 ina ɗaure kaca, ina faci, ina miƙe ƙafar keken da rami ya lanƙwasa, kuma a kan idona keke ya zama abin kunya a garin nan. Da can malamin lakwal da Raleigh ko Phoenix ɗinsa yake zuwa aiki, yana goge shi kamar doki. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur da a gan shi yana tuƙa feda. Wanda ya ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ɗauki koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a babban tseren Faransa na 2024, bayan ya ci zango 3, ya san baƙar fata ma na iya wannan abu. Maƙwabtanmu na Burkina Faso tun 1987 suke da nasu tseren zagayen ƙasa. Kwalta kuma muna da ita, musamman tun bikin Maraɗi Kwalliya na 2015, lokacin da aka gyara garin don bikin ranar Jamhuriya.

Sai dai na san ɗacin hanyar da aka tare, ba labari aka ba ni ba.

Wata shekara an rufe babbar hanya tun safe saboda zuwan wani babban baƙo. A ranar ce naƙuda ta kama matar ƙanena. Muka sa ta a adaidaita, ni a gaba gefen direba, Inna a baya tana riƙe da ita. Muna isowa mararraba sai igiya da jami'i. Na sauka na roƙe shi, ya leƙa ya gan ta da idonsa, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, umarni aka ba ni." Asibitin na can tsallaken kwalta, ana hangen katangarsa. Muka juya muka shiga lungu, adaidaita ta kafe a yashi, ni da wasu samari biyu da ban san su ba muka tura ta har gwiwata na rawa, Inna na ta salati tana cewa, "Ɗiyata, ki daure, mun kusa." Allah ya sauke ta lafiya. Ban riƙe jami'in nan a zuciya ba, don ba shi ya tsara ba. Wanda ya zauna ya ja layi a kan taswira ne bai tuna akwai mai ciki a wancan gefen layin ba.

Kokawa ba ta da wannan matsala. In aka kawo gasar takobi Maraɗi, jama'a filin Yakuba Ango Kantu suke ɗurawa, gari kuma ya ci gaba da harkarsa. Tseren keke kuwa filinsa ita ce hanyar da ɗan kabu-kabu yake neman abin cefane a kanta, hanyar da mai amalanke ke bi da buhunan gero, hanyar da ɗan garuwa ke tsallakawa da kurarsa. Daɗinsa a nan yake, ba tikiti, wasa ne ke zuwa har ƙofar gidanka. Nauyinsa ma a nan yake. A Kigali sai da aka rufe makarantun birnin tsawon makon gasar. Su sun auna sun ga za su iya. Mu a nan mafi yawan mutane abin da hannu ya samo da safe shi tukunya ke dafawa da dare. Direban adaidaita ko ya yi aiki ko bai yi ba, mai ita na jiran kuɗin ranarsa da magariba. Mai otal da mai gasa nama za su ga ciniki ranar tsere, ban musa ba, amma aljihun da ya samu daban, aljihun da ya rasa daban, kuma in an zo lissafin riba a ofis ba a cika raba su ba.

Abin da mutane da yawa a fadarmu ba su sani ba shi ne rufe hanya iri biyu ne. Akwai wanda ake yi in tseren daga gari zuwa gari ne: baburan jami'an tsaro na gaba suna tsayar da motoci, ayarin 'yan tsere ya wuce da gudun kilomita 40 da wani abu a awa, motar ƙarshe da ke kwasar waɗanda suka gaji ta biyo baya, sai a saki hanya. Ayarin kansa ƙiftawar ido ne, kafin ka gama nuna wa ɗanka na gaba sun ɓace. Akwai kuma na zagaye, inda ake killace wasu tituna a yi ta kewaya su sau da yawa, wannan shi ne mai cin awoyi, kuma duk wanda gidansa ko shagonsa ya faɗa cikin da'irar ya zama ɗan kurkuku har a tashi. 'Yan kallo sun fi son na biyun don suna ganin 'yan tsere sau da yawa. Ni ma a matsayin mai kallo shi na fi so. Amma shi ne ke bukatar ƙofofi, wuraren tsallakawa da aka sani, kowace da jami'i mai ikon buɗewa in ayari ya wuce, ba mai jiran umarni daga sama ba.

Rana kuma a zaɓe ta da hankali. Litinin da Juma'a ranakun babbar kasuwa ne, ba a ma fara zancensu. Babbar hanyar ƙasa da ta fito daga Yamai ta nufi Damagaram, da wadda ta sauka Ɗan Isa zuwa Jibiya, nan ne numfashin garin yake, in an taɓa su a taɓa na ɗan lokaci. Lahadi bayan sallar asuba zuwa hantsi, cikin sanyin Disamba ko Janairu, ba a watan Afrilu da zafi ke haura 40 ba. A share yashin da iska ke tarawa a gefen kwalta, don tayar keken tsere ba ta fi kaurin babban yatsa ba, a kwana ɗaya mai yashi mutum goma na iya zubewa. Awaki kuma a gaya wa masu su tun da wuri.

Wa zai gaya musu? Nan ne damuwata ta fi yawa. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, babu kansilan unguwa da za ka tare a ƙofar masallaci ka ce masa ga kukanmu. Saboda haka sai an tashi takanas an nemi mutane: masu unguwanni daga Bagalam da Mokoyo har Zariya da Ali Ɗan Sofo, shugabannin 'yan kabu-kabu da na adaidaita, 'yan kasuwa, ma'aikatan gidajen haihuwa. A shimfiɗa musu taswira su sa yatsa su ce nan ba za ta yiwu ba. A yi shela a rediyo da masallatai mako biyu kafin ranar. A bar matan unguwar da aka rufe su kasa ƙosai da fura a bakin igiya ba tare da an karɓi ko dala a hannunsu ba, 'yan kabu-kabun da aka hana aiki a ɗauke su tsaron mararraba a biya su. Kuma a fara da ƙarami, na yaran gari, a ga inda ya yi ciwo kafin a gayyato baƙi.

Yaron shagona yana da wani tsohon keken tsere na gwanjo da muka haɗa da kayan kekuna uku. Kullum bayan asuba yakan hau hanyar Tsibiri ya dawo kafin mu buɗe. Makon jiya ya shigo da gwiwar hannu a ɗaye, wata babbar mota ce ta matse shi har ya sauka cikin yashi. Na wanke masa ciwon, na ɗora ƙafar gaban a kan cinyata ina ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya har ta daina rawa. Ya ce, "Baba, rana ɗaya kawai nake so in yi gudu ban waiwaya ba." Na ce masa Lahadi mai zuwa ya jira ni, zan bi bayansa da babur.