Bakin da Ba Mu Duba Ba

Gobe zan miƙa makullan ɗakin maza bayan shekara 9 ina aikin jinya a cikinsa, kuma har yau dattijon gado na 7 ne yake fara faɗo mini a rai. Hawan jini ne ya kwantar da shi, amma yana fama da ciwon mantuwa, har sunan ’yarsa sai ya yi ta lalube. A kwana na uku ya daina cin abinci, yana ture cokali, yana kai duka ga duk wanda ya matso kusa da fuskarsa. Muka rubuta cewa rikicin tsufa ne ya tsananta, likita ya ba da umarnin allurar kwantar da hankali, ni kuma da hannuna na yi masa ita dare biyu a jere.

’Yarsa ce ta tare ni a baranda ta ce: “Sista, Baba ba ya sallar asuba sai ya yi asuwaki, amma tun shekaranjiya ya ƙi karɓa, hannunsa kullum yana kan muƙamuƙi.” Da na sa safar hannu na haska tocila, sai na tarar da haƙoran roba da babu wanda ya cire tun ranar da aka kwantar da shi, dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya, ga ragowar tuwo maƙale a kunci. Ashe ciwon haƙori yake faɗa mana da dukan nan, domin kalmomin sun riga sun kuɓuce masa. Allurar kuwa ta busar masa da yawu, ta sa shi gyangyaɗi, har ya ƙware da kunu, ƙwayoyin cutar baki suka gangara huhu. Mako 3 ya yi yana fama da namoniya.

Da na rubuta gaskiyar abin a fayil, shugabar sashe ta ba ni takardar tuhuma ni kaɗai, alhali mu shida muka yi ta karɓar aiki a kansa, kuma takardar karɓar majiyyaci ba ta da gurbin duba baki. Na amsa laifina, amma ban manta ba.

Ga waɗanda za su gaje ni: a cire haƙoran roba kowane dare, a sa su a kofi mai ɗauke da sunan mai su, domin waɗanda aka naɗe a tishu kwandon shara suke ƙarewa. A damƙa wa tsoho buroshi a hannunsa, sau da yawa yakan goge da kansa. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi ko da ruwa ne. Gurbin duba bakin kuwa an ƙara shi bara a takardar karɓar majiyyaci, sai dai ba a ambaci wadda ta nema ba.