Kafin Ka Ci Bashin Babur Saboda Manhaja

Ƙannenmu samarin Sakkwato masu shirin sayen babur ko keke don kai saƙo da ɗaukar fasinja ta manhaja, da ƙannenmu mata masu karɓar aikin rubutu ko fassara ta intanet daga ɗaki, kuskuren farko da yawancinmu muka yi shi ne mun zaci an ɗauke mu aiki. Ba a ɗauke mu ba. Doguwar yarjejeniyar nan da ake latsa mata "na yarda" ba a karanta ba, a cikinta aka rubuta cewa kai ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa. Ma'anar wannan a aljihunka: babu albashi, babu kuɗin hutu, babu fansho, babu sanarwa kafin sallama. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, saboda ranar haɗari, amma kamfanin da ya ce kai ba ma'aikacinsa ba ne ba zai zuba maka ko sisi ba. A Ingila sai da direbobin Uber, manhajar ɗaukar fasinja a mota, suka kai har kotun ƙoli, a watan Fabrairun 2021 ta yanke cewa suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. Wannan hukuncin can ya tsaya, bai shafi mai babur a Mabera ba.

Kuma aikin yana iya ƙarewa dare ɗaya ba tare da ka yi laifin komai ba. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana babura da kekuna bin manyan hanyoyinta, kamfanin acaɓa ta manhaja Gokada ya sallami mafi yawan mahayansa. A watan Yulin shekarar OPay ta dakatar da ORide, sashenta na ɗaukar fasinja a babur. A watan Maris na 2024 dandalin aikin intanet na Remotasks ya rufe ƙofa ga masu aiki daga Najeriya da Kenya. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin tafiya a manhaja bai bi shi da wannan saurin ba. Duk wanda ya ci bashi a kan kuɗin shigan da makunninsa yake hannun wani, ya san da wannan tun kafin ya sa hannu.

Kuskure na biyu, wanda ya fi cinye mu, shi ne ɗaukar lambar da ke kan allon waya a matsayin riba. Ciniki daban, riba daban. Ɗauki takarda ka yi wannan lissafin da farashin da kake gani yau. Lambobin nan misali ne kawai. A ce ka yi cinikin naira 20,000 a yini. Idan kamashon manhajar kashi 20 ne, 4,000 ta tafi. Mai lita 4 a kan naira 1,000, wata 4,000. Data da cajin waya 500. Abinci da ruwa 1,500. Balans, wato kuɗin da kake biyan mai babur kullum, 5,000. Abin da ya kamata ka ware don juyen baƙin mai, taya, birki, fulogi da sarƙa, 1,500. Saura 3,500. Idan awa 12 ka yi a kan titi, kowace awa ba ta kai naira 300 ba. Yanzu a cikin kwana 26 na aiki a wata, cire kwana 5 na zazzaɓi ko na zaman garejin bakanike. Kwana 21 sun ba ka 73,500, amma balans ba ya jinya, kwana 5 ɗin nan sai ka biya 25,000. Abin da ya rage 48,500, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne.

Akwai kuma tafiyar da ba wanda yake biya. Manhaja tana lissafa maka daga inda ka ɗauka zuwa inda ka sauke. Tafiyar zuwa ɗaukowa da dawowa fanko naka ne. Saƙo daga babbar kasuwa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuɗinsa yana da kyau a ido, amma idan ba ka samu abin dawowa ba, mai biyu ka ƙona a kan kuɗin tafiya ɗaya. Rubuta lambar mitar babur da safe, ka sake rubutawa da dare, ka kwatanta da kilomitar da aka biya ka. Mako ɗaya ya isa ka gane unguwannin da suke ciyar da kai da waɗanda suke cin ka. Sau da yawa gajerun saƙonni uku tsakanin Runjin Sambo, Gawon Nama da Arkilla sun fi doguwar tafiya ɗaya.

Maganar balans tana buƙatar natsuwa, domin a nan ne mutum yake rasa shekara guda ta guminsa. Kada ka karɓi babur ko keke da yarjejeniyar baki, ko da mai shi kawunka ne; takarda ba rashin yarda ba ce, ita ce take tsare zumunci. A rubuta jimillar kuɗin, da abin da za a biya kullum ko mako, da ranar da za a kammala. A rubuta kwana nawa za a ɗaga maka idan ka kwanta ciwo. A rubuta wa zai gyara inji idan ya buga. Sai babbar tambaya da muka manta mu yi: idan ka biya rabi ka kasa ci gaba aka karɓe babur, me zai dawo maka? Idan takardar ta yi shiru a nan, ka ɗauka babu. A sa shaidu biyu, kuma kowane biya ya bi ta banki ko a rubuta a littafi da sa hannu. Idan da hali, babur na hannu mai lafiya da ka saya da kuɗin adashi ya fi sabo fil da bashi a wuya.

Garaɓasar farkon shiga ma kada ka gina lissafi a kanta. Kamfani yana zuba ta ne lokacin da yake neman mahaya, idan sun yi yawa ya janye. Irin wadda ake cewa ka cika tafiya kaza kafin dare ita ce take sa mutum gudu da gajiya, kuma ita ce take kai mutane ɗakin haɗari na asibitin koyarwa.

Rufe asusu yakan zo ne daga ƙorafin kwastoma, ko faɗuwar taurarin da kwastomomi ke ba ka a manhaja, ko yawan soke tafiya, ko kwamfuta ta ga fuskar da ba ta rajista ba. Sau da yawa ba mutum ne ya duba ba. Don haka ka riƙe hujja: ɗauki hoton allo na kuɗinka kowane dare, ɗauki hoton kaya kafin ka ɗaure su da lokacin miƙawa, kuma duk wata magana da kwastoma ka yi ta a rubuce. Kada ka bar kuɗi su taru a manhaja, kwashe su zuwa bankinka da zarar an ba da dama, domin ranar da aka rufe da kuɗin ake rufewa. Kada ka ba abokinka aron asusunka, kada ka yi hayar na wani. NIN ɗinka da BVN ɗinka ne a jiki, idan aka yi sata da shi ƙofarku za a ƙwanƙwasa. Saƙon da aka naɗe aka ce kada ka buɗe, kada ka ɗauka. A shingen bincike wanda kayan ke hannunsa ake tambaya.

Kayan aikin ma Sakkwato tana da nata sharaɗin. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Wayar da aka maƙala a kan sitiyari a rana, taswira na aiki, caji na shiga, kafin azahar ta ɗauki zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ta rage haske ko ta mutu a tsakiyar tafiya, batirin kuma ya kumbura cikin 'yan watanni. Yi mata inuwa, yi caji a lokacin hutu, cire mata riga idan ta yi zafi. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska, babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi, don haka a duba ta kowane mako. Juye a bi shi da kilomita, kamar kowace 1,000 zuwa 1,500 ga babur mai aikin yini, ba sai baƙin mai ya koma kamar kwalta ba.

Inshorar dole da ake yanka wa abin hawa ta wanda ka buge ce, ba ta biyan karayarka ko gyaran babur ɗinka. Jikinka kai za ka tanadar masa: hular kwano mai maɗauri, rajistar lafiya a SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, da wani abu da kake warewa kullum har ya kai balans na mako biyu. Akwai kuma tsarin ƙaramin fansho da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe a 2019 don masu sana'ar kansu. Direbobin manhaja suna da ƙungiya mai rajista, AUATON. Inda ba ta da reshe, ko mutum goma ne ku haɗa asusun taimakon juna.

Ku kuma masu aikin intanet, ku lissafa da kamasho da jira. Dandalin Fiverr, inda ake karɓar aiki ta intanet, na cire kashi 20, kuma sabon mai aiki yana jiran kwana 14 kafin kuɗi su fito. Kada ku sayi asusun da aka yi rajista da sunan wata ƙasa, ranar da aka nemi katin shaida duk abin da ke ciki ya tafi. Manhajar da ta ce sai kin zuba kuɗi kafin a ba ki aiki, ƙanwata, kuɗinki take nema, fita kawai.

Kada ka janye kwastoman manhaja zuwa waje a tsakiyar tafiya, wannan yana jawo rufe asusu. Amma ba wanda ya hana ka nemo naka da ƙafarka. Matan da suke sayar da turare, atamfa da abinci ta WhatsApp, masu kilishi, masu shagon magani, dukkansu suna neman mai kai saƙo da suka san gidansu. Je ka gaishe su, ku yanke farashin kowace unguwa tun farko, ku tsayar da ranar biya, ka rubuta lambobinsu a littafi ba a waya kaɗai ba. Fara da biyar, ka ware musu awa biyu na safe kafin ka kunna manhajar.