Dala da sefa a cikin Haskell

Kawuna yana sayar da hatsi a kasuwar Dole, nan Damagaram, ni kuma nake riƙe masa lissafi a kwamfuta. A baki da dala ake ciniki, a takarda kuwa sefa ake rubutawa, dala ɗaya sefa 5. Don kada su cakuɗe, sai na rubuta manhajar lissafin da Haskell, wani harshen rubuta manhaja, na ba kowanne nau'insa ta hanyar newtype, wato sa wa tsohon nau'i sabuwar riga da sabon suna: Dala daban, Sefa daban, dukkansu Int ne a ciki, wato cikakkiyar lamba.

An ce newtype ba ya cin komai lokacin aiki, kuma haka ne ga lamba guda. Amma na jera farashin tiyar gero da ta dawa a wani tsari mai rassa da na gina da kaina. Da na zo cire wa lambobin rigar Dala, sai manhajar ta bi reshe-reshe tana sake gina tsarin gaba ɗaya, alhali a ma'ajiyar kwamfuta babu abin da ya canja. Dalili shi ne, GHC, manhajar da ke fassara Haskell zuwa harshen na'ura, yana mayar da shiri zuwa wani harshen ciki mai suna Core, shi ma mai nau'i ne, kuma duk gyaran saurin da zai yi dole ya bar nau'o'in daidai. Tsarin Dala da tsarin Int abu biyu ne a wurinsa sai an kawo hujja.

Hujjar ita ce coerce, umarnin da ke sauya wa abu nau'i ba tare da taɓa shi ba, wadda ta shigo da GHC 7.8 a 2014. Na sa ta, aikin ya ɓace ɗungurum.

A kan Set, wani tsarin ajiye kaya a jere da ake amfani da shi a Haskell, coerce ta ƙi, kuma na ga gaskiyarta. Set yana jera kayansa bisa yadda nau'in ke tantance babba da ƙarami. Mutum na iya sa Dala ta jeru daga sama zuwa ƙasa, to in aka sauya mata suna kawai, bincike zai riƙa ɓata. Tawa ba haka take ba, amma GHC ba ya duba wannan, dole na biya kuɗin sake jeri.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, coerce za ta mayar da Dala Sefa ba tare da ninkawa da 5 ba, muddin tana ganin cikinsu. Shi ya sa na kulle su a fayil guda, can kaɗai ake sauyi. Da na yi wa Kawu bayani, cewa ya yi: "Kai dai buhu ya fito da kuɗinsa daidai."