Laraba a Garwa, darasin Ingilishi ta waya

Zafin yau ba magana, Garwa a watan Afrilu kowa ya san ta, tun ƙarfe goma kwanon shago ya fara gasa mu. Ciniki ma shiru, shi ya sa na samu na saurari darasin da Madam, malamarmu ta Ingilishi, ta turo tun asuba a gurup ɗinmu na WhatsApp. Ita tana Yawunde mu muna nan arewa, ban taɓa ganinta ido da ido ba. Na yau a kan ciniki ne, yadda za ki tambayi kuɗin kaya, ki nemi ragi, ki ce kayan da aka turo ba su cika ba.

Abin da ya kai ni koyo ke nan tun farko. In na je Mubi ko Yola sarin atamfa Hausa ta ishe ni, nan gida kuma ga Fulatanci ga Faransanci, amma masu turo mana leshi daga Chana da Dubai da Ingilishi suke rubuto komai, kullum sai na nemi yaro ya karanta min ya san sirrin jarina kaf. Kuma ai Kamaru harsunan gwamnati biyu ne, har doka aka yi a 2019 cewa darajarsu ɗaya, sai dai mu da muka yi lakwal ta Faransanci ɗan abin da aka koya mana na Ingilishi tuni ya gudu.

Amma abin da ya faranta min rai yau Hajiya ce, maƙwabciyata mai turaren wuta. Ta haura hamsin, karatun allo ta yi, ta sauke, tana rubuta bashin mutane da ajami, boko ne kawai ba ta taɓa yi ba. Tun da na sa ta a gurup sauraro kawai take, ba ta taɓa cewa uffan ba. Bayan azahar sai ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki danne min abin nan zan yi magana." Na ce, "To Hajiya, bismilla." Ta gyara mayafi ta faɗi jimlolin nan a hankali, muryarta na ɗan rawa, ta sake, ta sake, har ta gamsu sannan muka tura. Kafin la'asar Madam ta amsa mata ita kaɗai a gefe, ta yabe ta, ta gyara mata wuri ɗaya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Mace irin Hajiya ba za ta je ajin dare ba, ga girki ga jikoki ga kuɗin moto zuwa da dawowa, uwa uba kunyar zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta ta yi kuskure a gabansu. Manhajojin koyon harshen nan da ake ta yabo kuma sai kin iya karanta boko, bayaninsu ma da Faransanci. Bidiyo yana cinye mega, reso, wato sabis, ya yanke darasi ya tafi. Saƙon murya kuwa ba nauyi, ya sauka ya zauna a waya, ki ji shi kina yanka albasa, ki maimaita ba mai kallonki. Duk mai son koyar da manya a nan ya fara da murya, ya bar rubutu ya biyo baya.

Rubutun ne dai har yanzu ke damuna, don takardar kaya ba ta magana, sai an karanta. Na roƙi Madam ta riƙa haɗa mana hoton jimlolin da manyan baƙi, ta ce za ta gwada daga mako mai zuwa.

Da magariba aka ɗauke wuta, rani ne ruwan dam ɗin Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Na aiki yaro ya kai wayoyinmu biyu wurin mai sola, tawa da ta Hajiya, don ta ce darasin gobe na lambobi ne kuma ba ta so ya wuce ta.