Kuɗin adashe da tsohuwar Dell ɗina

Kwamfutar da nake buga gem a kanta ta girmi ɗana na fari. Dell Optiplex 7010 ce, mai babban akwati, irin waɗanda ofisoshin Turai ke gama moriyarsu a loda mana a kwantena. Gwanjo na saye ta. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5-3470 da Intel ta fitar tun 2012, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ake aiki a kai, gigabait 4 sanda ɗaya tal, da had-dis mai gurnani kamar injin markaɗe. Daga baya na ƙara mata ɗan katin girafik, mai sarrafa hoto, GT 730, muka sha PES 2017 ni da ita har muka gaji da juna.

Ranar da abin ya ishe ni, ƙanena ne ya zo hutu daga makaranta ya ce zai taɓa GTA V. Mota na gudu sai hoto ya daskare, titi ya ɓace a gabansa, gine-gine su riƙa fitowa daga baya kamar aljanu. Ya ajiye fad ɗin ya ce, "Yaya, wannan ai Gidan Makama ya kamata ka kai ta, a ajiye kusa da kayan sarakuna." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Sabuwa ba ta ma cikin lissafi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da dala ke shigo da shi ya fi ƙarfin mai albashi irina. Abin da ke hannuna kwasar adashen wurin aiki ce, ita ma an riga an yanki na buhun shinkafa a ciki.

Raina katin girafik RX 580 yake so, mai gigabait 8. Tun da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin intanet a Satumbar 2022, masu haƙar suka zubo su kasuwa, suka yi araha. Na je wurin wani dattijo mai gyara da na daɗe da sani, na faɗa masa. Bai ce komai ba, sai da ya buɗe murfin akwatin ya haska fitilar wayarsa a kan takardar da ke jikin fawa, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfutar wuta. "Malam, karanta mini nan." Wat 275. Ya ce katin da nake so shi kaɗai yana jan wat 185, kuma yana buƙatar wayar wuta mai baki takwas wadda fawata ba ta da ita. Wato in na saye shi sai na sayi sabuwar fawa, kuɗina kuma ba za su ɗauki biyun ba.

Sannan ya nuna mini abin da ya fi ba ni kunya. Ƙurar hunturu wajen shekara huɗu ta cushe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, ta dunƙule ta zama kamar audugar tsohuwar katifa. Da ya kwance fankar, man da ke tsakanin ƙarfen da furosesa ya bushe ƙamas, yana ɓarewa kamar busasshiyar laka. Furosesa in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ashe a zafin Afrilu na Kano, baiwar Allah rabin ƙarfinta take aiki da shi, ni kuma ina ta zaginta. Ya hure ƙurar da bulowa, ya goge tsohon man da ɗan ƙyalle, ya ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Kuɗin aikin bai kai na tsiren dare ɗaya ba.

Sai RAM. Na cire sandar gigabait 4, na sa DDR3 guda biyu masu takwas-takwas. Ba yawan kaɗai ba ne: in sanduna biyu ne iri ɗaya, aka sa su a ramukan da suka dace, hanya biyu suke buɗewa tsakaninsu da furosesa maimakon ɗaya. Bod ɗin ramuka huɗu gare shi, a duba launin maƙallansu a haɗa masu kama da juna. Na ƙara da SSD, ma'ajiya mai sauri fiye da had-dis, mai gigabait 240, na mayar da Windows kanta, tsohon had-dis ya koma rumbun ajiye hotunan biki. A da in na kunna kwamfutar sai in je in yi alwala in dawo tana nan tana shiri. Yanzu kafin in gyara zaman kujera ta buɗe. Tsakani da Allah, da a nan na tsaya ma da na ci riba, don titunan GTA sun daina ɓacewa tun kafin in taɓa katin girafik.

Amma zuciya ba ta haƙura ba. Katin da ya dace da fawata shi ne GTX 1050 Ti na 2016: gigabait 4, wat 75, yawancinsu daga ramin bod suke shan wuta, ba sai an ja musu waya ba. Na ga wani ya sa talla a intanet, sabo dal a kwali, a farashin da ya yi ƙasa da na kowa. Na ce masa sai dai mu gwada kafin in biya. Ya ɗan yi gardama, ya yarda. Na ɗaura akwatin a bayan babur da roba, muka haɗu a shagon dattijon nan.

Tun daga kwali dattijon ya juya katin ya kalli bayansa, ya miƙo mini. Akwai bakin VGA, mai shuɗin nan. Ainihin 1050 Ti ba ya fitar da hoto ta wannan tsohuwar hanya. Muka dai sa shi, muka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin girafik. Sunan ya fito daidai, amma wurin da ya kamata a ga ƙwayoyin aiki 768, sai ga 192. Tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya masa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa, aka lulluɓe shi da sabuwar riga. Mai tallar ya rantse shi ma haka aka sayar masa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ban tsaya bincike ba. Araha dai ba ta ado. Sati biyu bayan nan na sami na gaske, gwanjo, fankarsa ɗaya har da ɗan tsagewa a gefe, muka bar shi yana aiki minti talatin a gaban mai shi kafin in zaro kuɗi.

Sauran canjin na sa su a ƙaramin UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta. Ba don in ci gaba da gem in an ɗauke wuta ba, minti kaɗan yake riƙewa, sai don in samu in kashe ta a mutunce, kuma kada rawar wutar janareta ta cinye mini abin da na tara.

Na san iyakarta. Gem ɗin ƙwallo FC 24 furosesa i5-6600K yake nema a matsayin mafi ƙanƙanta, tawa kuwa ta girme shi da zuri'a uku. Windows 11 ba ta karɓar ta a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025. Wani aboki na ta matsa mini in sa furosesa i7-3770, kusan ƙarshen abin da wannan bod ke ɗauka. Na ƙi. Duk nairar da zan ƙara zubawa a nan, a nan za ta mutu; SSD da katin ne kaɗai za su iya bi na zuwa wata kwamfutar.

Da ƙanena ya dawo hutun Sallah, ya zauna kan GTA tun bayan La'asar. Sai da Umma ta aiko sau biyu a kan abinci na hucewa kafin ya tashi. GT 730 ɗin da sandar RAM kuwa suna cikin durowa a ledar burodi, yaron maƙwabcinmu ya ce in ajiye masa zuwa ƙarshen wata.