Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ni Da Hondar Baba A Hanyar Miriya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. A makon jiya na tsaya ne a ranar da takardata ta fito, aka tura ni koyarwa a wata koleji da ke ƙasar Miriya, ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta a watan Oktoban 2004. Murnar samun aiki ba ta kwana biyu ba sai da tunani ya biyo bayanta, domin tsakanin Damagaram da Miriya akwai kimanin kilomita 18, ni kuwa ba ni da halin tarewa a can. Mahaifina ya manyanta, idonsa ya fara rauni, ni ne babba a cikin 'ya'yansa maza, kuma ban fi wata biyar da yin aure ba, amaryata tana zaune tare da mu a gidanmu na Zango. Na gwada motocin haya har mako biyu, na gane cewa motar da ba ta tashi sai ta cika ba abokiyar tafiyar mai shiga aji ƙarfe 8 ba ce.

Wani dare bayan sallar isha'i Baba ya kira ni zaure, ya ce in ɗage tsohuwar tabarmar da ke rufe da wani abu a lungu. Na san abin da ke ƙarƙashinta, domin a kansa aka riƙa kai ni makarantar allo ina ƙarami, amma shekara shida ke nan tun da ya ajiye aiki ba wanda ya ji ƙararsa. Babur ne, ko moto kamar yadda muke cewa a nan, Honda CG125 ja, wanda rana ta mayar da jansa kamar na tsohuwar tukunya. Na durƙusa na ce, "Baba, anya zai iya wannan zirga-zirga kullum, safe da yamma?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Zai iya idan kai za ka iya. Kada ka bar shi da mataccen baƙin mai, kada kuma ka ara wa kowa, ko da ƙaninka ne." Ya ciro makulli daga aljihun gaba na rigarsa, ɗaure da wata 'yar igiyar fata, ya sa mini a hannu.

A 1981 ya saye shi a Kano, ya hawo shi da kansa ta Daura da Matamaye har ƙofar gida. Aikinsa allurar dabbobi ne, saboda haka babur ɗin ya san rairayin Tanut, ya san fadamun Magarya, ya kwana a rugagen Fulani da zangon Buzaye tun kafin in iya karatu. Sai da makanikin unguwarmu ya yi kwana uku a kansa kafin ya tashi: aka wanke tankin da ya yi tsatsa, aka kwance karbirato aka busa, aka sa sababbin tayoyi da sabon batir, aka canza buji. Ranar da ya tashi, Baba yana cikin gida bai fito ba, amma Inna ta gaya mini cewa da ya ji ƙarar sai ya ajiye carbi ya saurara har sai da aka kashe.

Mutane sukan tambaye ni yadda ƙarfen da ya haura shekara 40 yake zuwa aiki kullum, kuma amsar tana cikin asalin ƙirarsa. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya domin su ga yadda ake amfani da baburansu, suka tarar ana labta musu kaya da mutane fiye da ƙima, ana barin baƙin mai har ya lalace ba a juye ba, inji kuma yana mutuwa da wuri. A kan haka suka ƙera CG125, ya fito a 1975. Maimakon sarƙar da ke juya abin buɗe bawul a saman inji, wadda take saurin ciwuwa idan mai ya ƙazanta, sai suka sauko da abin ƙasa inda mai yake taruwa, wasu 'yan sanduna biyu na ƙarfe suna tura bawul daga can. Matatar iskarsa soso ce da ake wankewa a mayar. Ba shi da gudun a zo a gani, amma an yi shi ne domin talakan da ke nesa da garaji, kuma ko da ba su taɓa jin sunan Damagaram ba, hanyoyinmu da ƙurarmu suka yi wa aiki.

Akwai kuma wani abin da ya taimake ni wanda Baba bai yi zato ba. Lokacin da baburan Sin suka cika gari, 'yan kabu-kabu suka yawaita, sai ya zamana da yawa daga cikin injinansu kwaikwayon wannan injin ne. Saboda haka kayan gyara da a da sai an yi saƙo Kano, yanzu wasunsu ana samu a shagunan da ke kewayen Kasuwar Dole. Ingancinsu bai kai na asali ba, wannan kam gaskiya ce, shi ya sa duk abin da na ciro na Japan ba na yarwa, ina da wani tsohon kwano da nake tarawa. Na kuma koyi kiran kowane ƙarfe da suna biyu, domin abin da makanikinmu ke kira buji, mai shago a Kano fulogi ya san shi, karbirato kuma a can kafireta ne.

Ranar aiki tana farawa ne daga dawowata masallaci da asuba. Nakan fito da shi ƙofar zaure in tsayar da shi a kan ƙafa biyu, in ciro ma'aunin baƙin mai in goge in sake tsomawa, in latsa tayoyi da babban yatsa, in taɓa sarƙa in ji ko ta saki. Daga nan in buɗe famfon mai, in ja cok, in taka kik a hankali sau biyu ba tare da kunna makulli ba, a na uku in kunna in buga. Da zafi bugu ɗaya ya ishe shi. Da sanyin Disamba da Janairu kuwa sai an lallashe shi, a bar shi ya yi minti uku ko huɗu yana ɗumama, ni kuma a lokacin nake shan kunun da maman yara ta miƙo mini, in naɗa rawani, in ɗora hular kwano a kai, in ɗaure jakar takardun yara a baya da igiyar roba. Wannan duba na safe bai wuce minti goma ba, kuma a ganina shi ne rabin tafiyar.

Ƙarfe 7 saura kwata nake barin gida. Nakan ratsa lungunan Zango, tsakanin tsofaffin gidajen 'yan kasuwa masu zane a fuska, in fito tsakiyar gari lokacin da masu shayi ke hura wuta, 'yan ga-ruwa kuma sun riga sun yi layi da jarkokinsu, domin ƙishirwar ruwa tsohuwar abokiyar zaman garinmu ce. Ga manyan duwatsun nan da Allah ya jibge kamar an ɗora su da hannu, ga Birni inda fadar Sarkin Damagaram take, da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har zuwa 1926 da Turawan Faransa suka mayar da mulki Yamai, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka sau da yawa, amma a kan babur da sanyin safiya ne nake jin nauyin maganar. Da na hau babbar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Gure da Difa, sai in sa giyar ƙarshe in tsaya a kan gudun kilomita 50 zuwa 55, inda injin yake yin wata murya mai daɗi, ba ya kuka ba ya rawa.

Hanyar gajera ce amma ba ta zama iri ɗaya kwana biyu a jere. Ranar Alhamis, da yake kasuwar Damagaram ke ci, ina tafiya gabas jama'a suna kwararowa yamma: amalanken shanu ɗauke da itace da buhunan hatsi, jakuna, mata da ƙoren nono a ka, wani lokaci da ayarin raƙuma a gefen kwalta. Ranar Litinin kuma nakan tarar da ɓawon rake da sawun dabbobi na kasuwar Miriya da ta ci ranar Lahadi. Abin da na fi tsoro shi ne manyan motocin fasinja masu zuwa Difa, waɗanda iskarsu kaɗai takan iya ture ƙaramin babur, saboda haka da na hango su a madubi nake sauka gefe in ba su hanya. Sai kuma akuya, wadda ba ta yanke shawarar tsallakawa sai ka iso. Yaran da ke kabu-kabu sukan wuce ni kamar walƙiya, kai ba hula, kuma zuciyata takan ɓaci ƙwarai, domin biyu daga cikin waɗanda na koyar a aji a kan wannan kwalta suka bar duniya.

A watan Afrilu da Mayu, idan zafi ya haura digiri 40, ba na dawowa da tsakar rana. Nakan jira la'asar, domin injin da iska ke sanyaya shi ba ya jure iskar da ita kanta wuta ce. Da damina kuma idona yana kan gabas, in hadari ya haɗo in nemi rumfa tun kafin iskar farko ta iso da yashinta.

Zuwa da dawowa lita ɗaya yake sha, ko ƙasa da haka kaɗan. Shekarun farko man kwalba na gefen hanya nake saye, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, ina tace shi da ƙyalle saboda ƙasa da ruwa. A ƙarshen 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, Baba kuwa Allah bai nufe shi da ganin man ƙasarmu a tankin babur ɗinsa ba, domin a farkon 2011 ɗin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 man kwalba ya daina araha, na koma gidan mai gaba ɗaya, inda a Yulin 2024 aka sauko da lita zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda.

Sau ɗaya tak ya tsaya mini a hanya har na makara, kuma laifina ne. A Janairun 2007 ne, makon da aka yi sunan ɗanmu na fari, hidima ta ɗauke mini hankali har na yi kwana ashirin ban wanke soson iska ba, ban kuma buɗe filatin ba, wato 'yan ƙarafan da ke ba buji wuta, alhali hazo ya rufe gari ko rana ba a gani. Ranar kuma ɗalibaina suna da jarrabawa. Na wuce rabin hanya sai ya fara tari, ya ja, ya saki, ya mutu. Na buga kik har gumi ya karyo mini cikin wannan sanyi, bai ko motsa ba. Ina tsugune ina ƙoƙarin kwance murfin, iska tana watsa mini yashi a ido, sai ga wani dattijo a kan amalanke ya tsayar da shanunsa ya sauko.

Ya kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Sannu Mushe, yau moton ya gaji ne?" Na amsa gaisuwa, na tambaye shi inda ya san ni. Ya ce, "Kai ne ba ka san mu ba. Garinmu ga shi can bayan kukokin nan. Da ƙarar moton nan yaranmu suke sanin lokacin tafiya lakwal ya yi, in ka wuce ba su fita ba, sun makara." Bai san komai game da inji ba, amma ya tsaya ta gefen da iska ke busowa, ya buɗe babbar rigarsa da hannu biyu ya kare ni, ni kuma na goge bakin filatin da gefen kwalin ashana, na daidaita tazararsa, na ciro soson na kakkaɓe. A bugu na biyu ya tashi. Na ciro 'yan kuɗi, dattijon ya ce, "Haba ɗana, mayar da abinka, je ka yara suna jiranka." Na isa makaranta da jinkirin minti 40, na tarar wani abokin aikina ya raba musu takardu ya zauna a madadina.

Da daddare na ba Baba labari duka, ban rage komai ba. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaushe rabonka da buɗe shi?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce in kawo fitila, muka fita zaure, yana zaune a kan buzunsa yana gaya mini abin da zan taɓa, idonsa ba ya gani sosai amma kunnensa yana rarrabe ƙarar bawul da ta sarƙa. A daren ne ya koya mini daidaita bawul, abin da a da sai na kai wa makaniki. Tun daga ranar na mayar da safiyar Asabar ta babur: wanke soso kowane mako, juyen baƙin mai kowane wata, kuma duk lokacin da na zo daidai kukokin nan nakan yi oda sau biyu.

An canza mini makaranta sau biyu a cikin waɗannan shekaru, amma Allah ya sa duk a kan wannan hanya. Abokan aiki sun sha ba ni shawarar in karɓi bashi in sayi sabo, wasu don ƙauna, wasu don suna ganin bai dace da mai furfura irina ba. Bara ma wani Alhaji mai sha'awar tsofaffin babura ya biyo ni har gida, ya taya shi da kuɗin da za su sayi sabon na Sin har a yi canji. Na ba shi ruwa, na gode masa, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amana ce, ba ta sayarwa ba ce." Yaron nan da aka yi sunansa a makon da na makara, yanzu shi ke wanke soson ranar Asabar, ya kuma iya jin bawul idan ya saki, amma makullin da igiyar fatarsa yana aljihuna har yanzu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin shekarar da Baba ya kwanta jinya, da daren da na ɗauko shi a bayan wannan babur zuwa asibiti.