Injin da ya ƙone da wanda aka ɗora wa laifi

Makon jiya na ajiye aikin jan tirela a kamfanin da na daɗe ina yi wa lodi tsakanin Legas da Kano. Abokan aiki sai tambayata dalili suke yi, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Hanya ba ta gajiyar da ni ba. Maganar injin DAF ɗin nan ce da ya ƙone a bazarar da ta wuce.

Tun farkon zafi na lura allurar da ke nuna zafin inji ta sauya hali. Motar da ta saba zama tsakanin digiri 80 da 90 sai ta riƙa haurawa duk sa'ad da na ɗauko kaya mai nauyi daga Apapa, musamman in an haye gadar Jebba da rana tsaka. Ruwan lagireto yana raguwa, ƙasa kuma babu ɗigo. Na ce wa manajanmu, Oga, motar nan tana shan ruwa, a bar ni in kai ta a duba. Ya ce yana da bakanikensa, can za a je. Mutumin ko kunna motar bai yi ba. Ya kwance tamostat ya jefar, wai abin ƙasar sanyi ne, mu nan ba mu da bukatarsa.

Wannan magana ta cika gareji-gareji, kuma ba gaskiya ba ce. Tamostat shi ke tsare ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. A manyan injina da yawa, in ya buɗe yana kuma rufe 'yar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin injin kaɗai. In aka cire shi, wani ruwan sai ya yi ta zagaye bai shiga lagireto ya huce ba. Allura takan kwanta da safe, mutum ya ɗauka an gyara, alhali inda ruwa ke zurarewa yana nan.

Tsakanin Mokwa da Bida allura ta taɓa ja. Na sauka gefen titi, na bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye kafin na kashe, na hana yaron motata taɓa murfin lagireto, don tururin da ke ciki yana iya saluɓe fuskar mutum. Na kira manaja. Ya ce in ɗura ruwa in ci gaba, mai kaya yana jira. Na ce ba zan tuƙa ba. Washegari sai ga bakaniken nasa da wani direba, suka sheƙa wa injin ruwa suka ja motar. Ba su yi nisa ba farin hayaƙi ya turnuƙe salansa, baƙin mai ya koma kamar kunu, gasket ɗin da ke ƙarƙashin top, wato murfin saman injin, ya ƙone. Abin da ya isa kunnen Alhaji mai motoci shi ne wai ni na tuƙa ba ruwa. Aka fara yankar albashina, ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina.

A Tafa aka janye motar zuwa wurin wani dattijon bakanike, kuma a hannunsa na ga yadda ake aiki. Kafin ya kwance ko noti ɗaya sai da ya zaunar da ni ya tambayi yaushe abin ya fara, da lodi ne ko babu, a hawa ne ko a shimfiɗa. Ya sa famfon gwaji ya matsa iska a hanyar ruwa, nan take wata-famfo, mai zagaya da ruwa a cikin injin, ya fara yoyo. Ashe in injin ya yi zafi ɗigon bushewa yake yi kafin ya kai ƙasa. Murfin lagireto ya mutu, ba ya riƙe ƙarfi, ruwa kuwa in babu matsi da wuri yake tafasa. Cikin lagireton ya toshe da dattin ruwan rijiya, wajensa kuma ƙurar hunturu ta like shi. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan top, ya nuna mini inda ya lanƙwashe, ya aika da shi Kaduna aka goge. Da zai ɗaura, da sifana mai awo ya ɗaure notocin, daga tsakiya zuwa waje. Ya sa sabon tamostat. Duk abin da ya cire ya zuba mini a buhu, da rasit na kayan da aka sayo a kasuwar Panteka ta Kaduna.

Shi da kansa ya gaya wa Alhaji a waya cewa ciwon ya daɗe, kuma tsayawar da na yi ita ta hana injin bugawa gaba ɗaya tun a ranar farko. Alhaji ya ce ya ji. Kuɗina dai har yau ba a maido ba.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Duk ƙorafin da ka yi kan mota ka tura shi a rubuce ta waya, don baki ana musunsa. Kada ka yarda da bakaniken da ya faɗi farashi kafin ya gano ciwo, ko wanda ke ɓoye tsohon kaya. Ka riƙe kulan, wato ruwan sanyaya inji, a mota ko da daga aljihunka ne.

Manajan yana nan kan kujerarsa, bakanikensa kuma shi ke duba sauran motocin. Direbobin da na bari a can, kowa ya sa a buɗe masa ya ga ko tamostat ɗin motarsa yana nan kafin watan Maris.